Wa Zai Tambayi Mai Ciki Zancen Taba?

Duk lokacin da muka ce a koya wa ungozomai yadda za su raba masu ciki da taba, sai a yi mana dariya. Wai wannan matsalar Turawa ce, wa ya taɓa ganin matar Gaya ko ta Ajingi da karan sigari a baki? Mun ji wannan magana daga bakin dattawa, har da ma'aikatan lafiya. Muna faɗa a fili cewa kuskure ne, kuma jarirai ne ke ɗaukar nauyinsa.

Gaskiya ne matanmu ba su cika shan taba ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna cewa maza 10 cikin 100 ke amfani da taba, mata kuwa wajen 1 cikin 100. To, amma mazan nan 10 a ina suke kwana? A ɗaki ɗaya da matansu, ƙofa a rufe, musamman lokacin hunturu. Maigida ya busa, uwargida ta shaƙa, ɗan da ke ciki ya samu rabonsa. Ga kuma masu tauna taba gari ko shaƙa ta a ɓoye, ga shisha da ta shigo wa matasa.

Illar kuwa ba a ɓoye take ba. Sinadarin nikotin yana matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya. Hayaƙin kuma yana ɗauke da iska mai guba wadda ke rage iskar da jini ke kai wa jariri. Daga nan ake samun ɓari, da bakwaini, da yaro marar nauyi, da haihuwar ɗa ba rai. Uwar da ke shan sigari takan haifi ɗan da nauyinsa ya ragu da kimanin giram 200. Ga macen ƙauye da ke fama da ƙarancin jini, ga asibiti da nisa, wannan ragi ba wasa ba ne.

Tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a duk zuwa awon ciki a tambayi mace ko tana amfani da taba, ko kuwa ana sha kusa da ita. Nijeriya ta yi dokar taƙaita shan taba a 2015. Amma doka ba ta shiga ɗakin kwana. Wadda ke shiga ita ce ungozoma, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ana auna jinin mai ciki, ana ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan tambaya ɗaya, nawa za ta ci?

Mu ma shugabanni muna da laifi. Mun mai da taba abin kunya ƙwarai, har mai ita ta gwammace ta ɓoye da ta nemi taimako. Tsawa ba ta taɓa raba kowa da taba ba, sai dai ta koya masa laɓewa.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano da ta horar da ungozomai, na asibiti da na gargajiya, a kan abu uku: su yi tambaya cikin sirri ba da gori ba, su bayyana illar da Hausa mai sauƙi, su kuma kira maigida a yi maganar da shi. Muna roƙon Zumuntar Mata ta gayyaci ungozomai zuwa taronta. Ku kuma magidanta, in barin tabar ya gagara yau, ku fita da ita waje, nesa da ɗaki. Ɗan da ke cikin nan ba shi da bakin da zai ce hayaƙi ya ishe shi. Ku ne bakinsa.