Kuɗin kashin tumatir bai canza ba, kashin ne ke ramewa

Ko a Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, in ka tambayi mai kayan miya "nawa kashi?", sau da yawa amsar ita ce dala ashirin, rani da damina. Sai mutum ya zaci farashi bai motsa ba. Ya motsa mana. Lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da masu garka na Jiratawa da Mirriya ke kwaso amfani, kashin cike yake, har da gyara. Da damina ta kankama, kuɗin na nan, amma ƴaƴan tumatir ɗin sai ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Shi ya sa gane farashin kayan miya ya fi na hatsi wuya. Gero akwai tiya, akwai buhu, ana rubuta kuɗinsa wannan mako a gwada da na makon jiya. Kashi kuwa hannun mai sayarwa ne ma'auninsa.

To ta yaya za mu san ta yanka farashi daidai? Mu yi lissafi. A ce baiwar Allah ta sari kwando jika goma. Sai ta sayar da kashi 100 kafin ta maido uwar kuɗi kawai, ba a sa kuɗin mai amalanke da tikitin kasuwa ba. Na ƙasan kwando ya riga ya matse tun a mota, kuma a zafin Afrilu tumatir ba ya jiran kowa. In ta rage kashi da yawa, mai saye ya wuce gaba, kaya su ruɓe. In ta cika, ta tashi da gajiya kaɗai. A ganinmu, da la'asar ake gane gwana: nawa ya rage a faifai, nawa aka karyar, nawa aka zubar.

Mai albasar Galmi shi yana da sauƙi, ya zuba a rudu ya jira watanni har kasuwa ta tashi. Mai tumatir da salati ba ta da wannan gata, don haka kafin mu ce tsada take yi da gangan, mu duba kwandonta.

Ku kuma na Abijan, Akara da Legas masu aiko da kuɗin cefane, in gida sun ce ba ya isa, ku tambaye su tumatir nawa ne yanzu a kashin dala ashirin.