Abin Da Ido Ba Ya Gani Shi Ke Riƙe Da Bene

Ran Litinin 1 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, wani bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa a titin Gerrard na unguwar Ikoyi a birnin Ikko ya rufta, ya danne waɗanda ke aiki a cikinsa, fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. Kafin wannan kuma, ran 13 ga watan Maris 2019, wani gida a Ita Faaji cikin tsibirin Ikko ya faɗi da makarantar firamare a samansa, mutum 20 suka mutu, da dama daga cikinsu yara ne. Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, ya san ko su wane ne ke ɗaukar kwanon kankare a ka suna hawa tsani tun fitowar rana, ya kuma san wanda ke shimfiɗa tabarma ya kwana gadi a ƙarƙashin ginin da ba a gama ba. Saboda haka maganar ƙarfin gini magana ce ta rai ga mutanen da suka baro gida neman na kansu.

Idan irin wannan masifa ta auku, akan yi kwana bakwai ana kururuwa, a kafa kwamitin bincike, a kama mutum biyu ko uku, daga nan ƙura ta lafa. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne, gini ba ya faɗuwa ranar da ya faɗi. Ɓarnar takan fara tun ranar da aka kwaɓa siminti, a wani wuri ƙanƙane da ido ba ya iya kaiwa. A kan wannan ƙanƙanen wuri ne masana kimiyya na zamanin nan suka duƙufa, kuma abin mamaki, a nan injiniyan gini da masanin garkuwar jikin ɗan Adam suka haɗu suna aiki da ma'auni ɗaya.

Sunan ma'aunin nanomita. Idan aka raba mita ɗaya gida miliyan dubu, kashi ɗaya daga ciki shi ne nanomita, kuma kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai kimanin nanomita 80,000. To, sa'ad da ruwa ya haɗu da garin siminti, wani irin danƙo ne ke fitowa, mai ƙwayoyi da ake aunawa da wannan ma'auni, shi ne ke ɗaure yashi da tsakuwa su zama dutse. Idan aka cika ruwa don kwaɓin ya yi saukin zubawa, ragowar ruwan yakan bushe ya bar ƙananan ramuka birjik a cikin kankare. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren kankare gishiri ne, wanda ke zuwa cikin iskar teku ko cikin yashin da aka kwaso daga ruwan gishiri ba a wanke ba. Gishirin yakan bi ramukan nan har ya tarar da rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankare daga ciki, alhali a waje fenti yana ta ƙyalli.

Binciken da ake yi yanzu yana neman kankaren da zai ɗinke tsagarsa da kansa. A birnin Rum akwai wani tsohon gini da ake kira Pantheon, wanda ƙubbarsa ta kankare mai faɗin mita 43 ta shekara kusan 1,900 a tsaye ba tare da rodi ko ɗaya ba. An daɗe ana ganin wasu fararen ƙullutai na farar ƙasa a cikin kankaren Rumawa ana cewa sakacin makwaɓa ne. A watan Janairu 2023 masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Admir Masic, suka nuna cewa ƙullutan nan magani ne. Idan kankare ya tsage ruwa ya shiga, sai ya narkar da farar ƙasar, ita kuma ta sake daskarewa ta toshe tsagar. Da suka kwaɓa irinsa a ɗakin gwaji suka fasa shi da gangan suka riƙa kwarara masa ruwa, cikin mako biyu ruwan ya daina wucewa. A jami'ar Delft ta ƙasar Holan kuwa, Henk Jonkers ya bi wata hanyar: ya zuba wasu ƙwayoyin halitta masu dogon barci a cikin kwaɓi tare da abincinsu, sai ruwa ya shigo ta tsaga su farka su fitar da farin dutse su liƙe ta.

Akwai kuma girafin. A shekarar 2004, a jami'ar Mancesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɗauki irin baƙin abin da ke cikin fensir suka yi ta ɓantarar sa da salatif, har suka sami wani falle wanda kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak, amma ƙarfinsa ya ninka na ƙarfe sau da yawa. Wannan ya jawo musu lambar Nobel a 2010. A 2021 an zuba daɓen wani ɗakin motsa jiki a garin Amesbury na Ingila da kankaren da aka sa wa ɗan girafin kaɗan, aka rage kusan kashi 30 bisa ɗari na kayan da aka saba zubawa, ba a kuwa sa rodi ba. Daɓe daban yake da ginshiƙin bene, kuma gwaji bai ƙare ba tukuna, amma an ga hanya.

Yanzu a bar gini a dubi jikin ɗan Adam, domin shi ma yana da masu gadinsa. Garkuwar jiki runduna ce ta ƙwayoyi a cikin jini, waɗanda ke gane baƙon abu su yaƙe shi, su kuma riƙe kamanninsa don gaba. Aikin allurar rigakafi shi ne ta nuna wa rundunar nan hoton ɓarawo tun bai zo ba. Zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana gagarar masu haɗa allura, domin ƙwayar cutarsa tana sauya kama daga hanta zuwa jini. Masanan jami'ar Okusfod, ƙarƙashin Adrian Hill, suka ɗauki wani yanki na rigar ƙwayar cutar suka jera shi a jikin wani ɗan ƙwallo da bai fi nanomita 20 da 'yan kai ba, don garkuwar jiki ta ɗauka wata muguwar cuta ce ta shigo. Sa'an nan suka haɗa shi da wani abin zaburarwa mai suna Matrix-M, ƙwayoyi masu girman kimanin nanomita 40 da ake haɗawa daga ɓawon wata itaciya ta ƙasar Cile. Wannan ita ce allurar R21.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba 2023, kuma a watan Disamba 2024 aka fara yi wa yara ita a jihohin Kebbi da Bayelsa, sau huɗu: a wata 5, da 6, da 7, da 15 na haihuwa. Ga ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya duka, wannan babban albishir ne. Allurar ba ta kore amfani da gidan sauro ba, domin a gwajin da aka yi ta hana kimanin kashi uku cikin huɗu na kamuwa ne a wuraren da cutar ke zuwa da damina. Duk da haka, magidancin da ke dako a kasuwar Mile 12 yana aika kuɗin magani gida duk damina ya san darajar kashi uku cikin huɗu.

Amma fa ya kamata a duba hannun da ya yi aikin. A Okusfod aka tsara allurar, kamfanin Novavax ne ya ba da abin zaburarwa, a birnin Pune na Indiya ake sarrafa ta. Gwajin da ya fara ɗaga sunanta a 2021 an yi shi ne a garin Nanoro na Burkina Faso, ƙarƙashin Halidou Tinto, babban gwajin da ya biyo baya kuma aka yi shi a kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Nijeriya, wadda ta fi kowa ciwon, ta tsaya a layin masu karɓa. Abin takaicin shi ne ba haka aka faro ba. A nan Yaba cikin Ikko akwai ɗakin haɗa allura na gwamnatin tarayya, wanda tun daga 1940 yake fitar da allurar agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, har ana aika wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da sunan gyara.

An ga sakamakon wannan rufewa a lokacin annobar korona. Sai a watan Maris 2021 kashin farko na allura ya sauka Abuja, bayan ƙasashe masu arziki sun yi nisa da yi wa mutanensu. A watan Disamba na wannan shekara kuma sai da aka lalata fiye da allura miliyan ɗaya a Abuja, domin an kawo su kyauta ne sa'ad da wa'adinsu ya kusa cika. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai masu cewa ƙasar da ba ta gama ba mutanenta ruwan famfo da wutar lantarki ba, ba ta da ta cewa a zancen nanomita. A bar masu kuɗi su yi bincike, in sun gama a saya. Wannan magana tana da nauyi, domin kuɗin ƙasa ba ya isa ko'ina, kuma rijiyar burtsatse ɗaya tana ceton rai yau. Sai dai akwai amsa biyu. Ta farko, Burkina Faso ba ta fi Nijeriya arziki ba, abin da ta yi shi ne ta riƙe cibiya ɗaya da ma'aikatanta shekara da shekaru har duniya ta yarda da alƙalumansu. Ta biyu, bincike ba ya nuna amfaninsa ranar da aka fara shi. Katalin Karikó, 'yar asalin ƙasar Hangari, an rage mata muƙami a jami'ar da take aiki a Amurka a 1995 saboda ba ta samun masu ba da kuɗin bincikenta. A 2005 ita da Drew Weissman suka buga sakamakon da mutane kaɗan suka kula da shi. Bayan shekara 15 wannan aikin ne, da aka naɗe cikin ƙwayoyin kitse masu girman kimanin nanomita 100, ya zama allurar korona, su biyun kuma suka karɓi lambar Nobel a 2023. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajibi ne kuma a faɗi wata gaskiya, kada a ɗora wa kimiyya kayan da ba nata ba. Babu girafin ko ƙwayar halittar da za ta ceci ginin da aka sace simintinsa. Gwajin da ke nuna ƙarfin kankare tsoho ne, kuma ba shi da tsada: a ɗebi kwaɓi a zuba a ɗan akwati, a ajiye shi cikin ruwa kwana 28, a sa shi a injin matsa a ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Haka nan ana haƙa ƙasa a gwada ta kafin a sa harsashi, musamman a Ikko inda ƙasa ke da laushi da ruwa. Inda mai gini ya ɗauki gwaji ɓata lokaci, jami'in duba gini kuma ya sa hannu a takarda bai taka wurin ba, to ilmin duniya duka ba zai tsayar da ginshiƙi ba. Halin da ke sa a raina ɗakin bincike shi ne ke sa a tsallake gwajin kwana 28: son abin da za a yanka masa kyalle a ɗauki hoto, da ƙin kashe kuɗi a kan abin da ba a gani.

A watan Afrilu 1980 shugabannin Afirka suka taru a Ikko suka amince kowace ƙasa ta kai ga kashe kashi ɗaya bisa ɗari na abin da take samarwa a kan kimiyya da fasaha. Fiye da shekara 40 ke nan, ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta cika wannan alkawari ba. Cika shi ne mataki na farko. Na biyu, a rayar da abin da ke akwai: cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi da aka kafa a 1978, da cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda tun 1924 take aikin lafiyar dabbobi tana haɗa allurarsu, da ɗakunan gwaji na jami'o'i. Na uku, a fara da kayan gida. Buntun shinkafa da ke tule a bayan injinan casa na Kebbi da Kano, idan aka ƙone shi da wuta mai ƙa'ida, tokarsa tana iya maye gurbin wani kashi na siminti ta kuma toshe ramukan da gishiri ke bi. Malaman jami'o'in ƙasar nan sun yi rubuce-rubuce a kai. Abin da ya rage shi ne a fitar da aikin daga kabad zuwa wurin gini.

Su ma mazauna Kurmi suna da nasu rabon aikin. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin leburori suna da bakin da za su tambayi ɗan kwangila takardar gwaji kafin su tura masa yara, kuma magini ko mai gadi da ya ga tsaga a ginshiƙi ko tsatsa tana tsattsafowa daga dakali, ya faɗa tun da wuri, ya kuma ɗauke tabarmarsa daga wurin. Wanda iyalinsa ke gida ya aika a tambaya a asibitin garinsu ko allurar zazzaɓi ta iso, in ta iso a cika ta sau huɗu. Wanda kuma yake da yaro mai kan lissafi, ya daure ya bar shi ya ƙarasa makaranta, domin ɗakunan gwajin da ake kira a buɗe sai da waɗanda za su tsaya a cikinsu.