DAGA ZAURENMU: Malam Muhammadu Bakatsine, masanin taurari da ya kwanta dama a Alƙahira

 

Abubuwa biyu ne suka faru a nan yankin Abu Hujar da suka sa muka ɗauko zancen yau. Na farko, wani saurayi ɗan makaranta ya buɗe gafakar kakansa, ya tarar da tsofaffin takardu cike da zane-zane da lambobi a cikin gidaje, ya ce ai duk tsafi ne, har ya hura wuta zai zuba su, ba domin wani dattijo ya riƙe masa hannu ba. Na biyu, wata baiwar Allah da ɗanta ya ɓace tun lokacin da yaƙi ya iso Sinja da garuruwanmu a shekarar 2024, ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya tana kai wa wani mai duba, shi kuwa kullum yana ce mata tauraron yaron na nan tafe. Awaki sun ƙare, yaro bai zo ba.

Da saurayin da matar nan, duk kansu sun yi tuntuɓe a kan dutse guda, watau rashin sanin asalin wannan ilimi da iyakarsa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba da tarihin mutumin da ya fi kowane ɗan ƙasar Hausa yin suna a wannan fanni.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, littattafan Larabci kuwa suna kiran sa Al-Fulani Al-Kashnawi As-Sudani, ma'ana Bafulatani, Bakatsine, ɗan ƙasar baƙar fata. Ya tashi a zamanin da Katsina ke tashen ilimi da ciniki, garin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Ya yi karatu a gaban manyan malamai, cikinsu har da Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi da wani Malam Muhammadu Bindu. Wajen shekarar 1730 ya isa Makka domin sauke farali, a lokacin kuwa Sarki Badi na Huɗu ne bisa gadon sarautar Sinnar. To ku duba, fiye da shekara 170 ke nan kafin yaƙin Burmi na 1903, wanda bayansa ne Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo kakannin da yawa daga cikinmu zuwa bakin Bahar Azrak. Ashe niyyar gabas tsohuwar niyya ce a wurin mutanenmu.

Bayan ya zauna a Makka, sai ya wuce Alƙahira, ya sauka a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilimin falaki da lissafi. Duk da haka mai masaukin ya durƙusa ya ɗauki karatun hatimi da lissafin haruffa a wurin baƙonsa. A wannan gida ne ajali ya riski Malam Muhammadu a shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741. Ya bar wa Shehu Hasan wasiyyar littattafansa, shi kuma ya yi masa sutura, ya rufe shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin. Ɗan Shehu Hasan, watau Abdurrahman Al-Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a littafinsa Aja'ibul Asar ya sa tarihin wannan Bakatsine a cikin jerin manyan malaman da suka rasu a zamanin.

Me ya rubuta? Littattafansa biyu ne suka fi shahara. Na farko Bahjatul Afaƙ, na wajen 1732, a kan ilimin haruffa da hatimai, akwai ma kwafinsa na rubutun hannu a wani ɗakin karatu na Jami'ar Landan. Na biyu Ad-Durrul Manzum, wanda ya kammala a Alƙahira a 1146 ta Hijira, a kan taurari da ɗalasimai. Ya gina shi ne a kan As-Sirrul Maktum na Imam Fakhruddin Ar-Razi, mai babban tafsirin nan, wanda ya rasu a 1210. An buga Ad-Durrul Manzum a Masar, ya bazu a hannun malamai daga Kano har Umdurman. Ban da waɗannan yana da littafi a kan nahawu, da waƙe a kan manɗiƙi tare da sharhinsa. Ke nan ba malamin tsibbu kawai ba ne, malami ne cikakke.

Bari mu buɗe hatimi guda mu gani, domin a daina jin tsoron abin da ba a sani ba. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida tara, wanda malamanmu ke kira musallasi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a gicciye, 15 za ku samu. Dalili kuwa a fili yake. In aka tara lambobi daga 1 zuwa 9 ana samun 45, a raba wa layi uku, kowane ya tashi da 15. Lambobin kusurwa huɗu, watau 2 da 4 da 6 da 8, a lissafin abajada su ne haruffan ba, dal, wau da ha, daga nan ne kalmar Buduhu da ake gani a tsofaffin layu ta samo asali. Mai gida 25 kuwa jimlarsa 325, kowane layi 65. Mai gida 49 kowane layi 175. Gwanintar Malam Muhammadu ita ce ya tsara ƙa'idojin gina irin waɗannan hatimai masu layuka mara, uku ko biyar ko bakwai har zuwa sama, ta yadda ɗalibi zai cika gidajen ba da lalube ba. Wannan lissafi ne tsantsa, shi ya sa Malam Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kansa a 1967, wata malamar lissafi 'yar Amurka kuma, Claudia Zaslavsky, ta sa aikinsa a littafinta na tarihin lissafi a Afirka a 1973.

Haka batun taurari yake. Wane manomi ne a cikinmu bai san ina ba? Tun muna yara muke jin dattawa na lissafa Dura'a da Natra da Ɗarfa da Jabha da Hirsan da Sarfa da Iwa da Simak, suna cewa a wannan ake shukar dawa, a wancan ruwa ke yin ƙarfi, a wancan kuma riɗi ke neman yanka. Waɗannan masaukan wata ne, su 28. Kowace tana da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, in ka haɗa sai ka sami kwana 365 cif. Su ne dai manoman Katsina da Sakkwato ke kira Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Da su, da Kaza da 'Ya'yanta, da Gamzaki, kakanninmu suka san lokacin shuka da lokacin asuba, suka kuma gane gabas a cikin daji.

To, amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ad-Durrul Manzum bai tsaya nan ba. Ya shiga batun tasirin taurari bakwai a kan mutane, da sa'o'in da ake haɗa ɗalasimai, da turaren kowane tauraro. A nan ne malamai suka ja layi tun da daɗewa. Sun raba ilimin taurari gida biyu: na sanin tafiyarsu domin gane lokaci da alƙibla da yanayi, wanda jumhurin malamai suka halasta, da na da'awar cewa su ke juya rabon ɗan Adam, wanda mafi yawan malamai suka hana. Ibn Khaldun ya ware babi guda a Muƙaddima yana rushe shi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma a Nurul Albab ya yi kakkausan gargaɗi ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko taurari. Girman Malam Muhammadu ba zai sa mu karɓi duk abin da ke cikin littafinsa ba, kuskuren wani sashe kuma ba zai sa mu zubar da sauran ba. Ai ba a ƙona rumbu domin ɓera.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a ƙasar nan. Maƙwabtanmu sun daɗe suna ɗaukar kowane fakin Fallata a matsayin mai asiri. Suna zuwa wurinsa da dare, da rana kuma su yi masa gori da abin da suka je nema. Wasu daga cikinmu sun mai da wannan suna hanyar cin abinci, abin da ya rage mana ƙima ke nan. Tarihin wannan Bakatsine kuwa yana nuna cewa abin da ya sa malamin Masar ya zauna a gabansa zurfin karatu ne da ƙwarewa a lissafi.

Saboda haka muna kira ga samarinmu, kada wanda ya sake kai takardar kakansa wuta. Yaƙi da hijira da gara sun riga sun ci mana da yawa. A naɗe su a busasshen ƙyalle, a ɗaga su daga ƙasa kafin ruwan harif, a ɗauki hotonsu da waya, a kai wa malamin da ya iya karanta rubutun Magaribi ya tantance. A cikinsu za a tarar da fiƙihu da waƙoƙin wa'azi da lissafin gado da sunayen garuruwan da aka baro. Malaman makaranta kuma, me zai hana ku ba yara musallasi su cika, ku gaya musu wani kakansu Bakatsine ya koyar da shi a Alƙahira?

Iyayenmu mata da 'yan'uwa masu neman nasu da suka ɓace, muna taya ku jimami. Amma wanda ya ce yana ganin ɗanki a tauraro, kuma sai kin kawo akuya zai faɗa, to akuyar yake gani. A kai cigiya wurin Hilal Ahmar, a sanar a masallatai da kasuwanni, a tambayi direbobin da ke bin hanya, a haɗa da addu'a wadda ba a saye da kuɗi.

Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu, Ya yafe masa kura-kuransa, Ya bayyana mana waɗanda suka ɓace, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa a wata mai kamawa, in Allah Ya kai mu.