Daga Dresden zuwa Logone: yadda zafi ke ɓoye ciwon gada

Da misalin ƙarfe 3 na daren 11 ga Satumban 2024, wani sashe mai tsawon kusan mita 100 na gadar Carola da ke birnin Dresden na ƙasar Jamus ya rufta cikin kogin Elbe. 'Yan mintuna kafin nan jirgin ƙasa na cikin gari ya bi ta kanta. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasa ransa. Binciken masana ya nuna cewa wayoyin ƙarfen da ke ɗaure kankaren daga ciki sun daɗe da tsattsagewa, matsalar ma ta samo asali tun lokacin gini, wajen 1970. Cikin abubuwan da suka ƙarasa ta, an ambaci sanyin da ya sauka kwatsam bayan kwanakin zafi.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai a ji ana cewa a maƙala wa gadoji na'urorin sa ido. Shawara ce mai kyau, amma ba ta da sauƙi kamar yadda masu sayar da na'urorin ke nunawa.

Kowace gada tana rawa idan mota ta hau ko iska ta kaɗa, kuma tana da adadin kaɗawarta a cikin daƙiƙa guda. Idan ta tsage ko ginshiƙinta ya nutse, ƙarfinta kan ragu, adadin ya sauka. Dabarar mai sayen tukunyar ƙasa ce, da ke ƙwanƙwasa ta don ya ji ko ta tsage. Sai dai gada ta fi kama da ganga. Makaɗi ya san idan fata ta sha rana muryarta kan ɗaga, idan ta kwana cikin raɓa ta dushe, alhali babu inda ta yage.

An gwada wannan a kan gadar Z24 ta ƙasar Suwizalan, wadda dama za a rushe. Daga ƙarshen 1997 masu bincike suka shafe kusan shekara guda suna auna rawarta tare da yanayi, sannan suka shiga lalata ta da gangan: suka sauke ginshiƙi ɗaya da 'yan santimitoci, suka fasa kankare, suka tsinka wayoyin ciki. Abin da ya fito ya ba da mamaki. Sauyin yanayi kaɗai ya motsa adadin kaɗawar da fiye da kashi 10 cikin 100, musamman idan sanyi ya daskarar da kwaltar da ke kai ta yi tauri. Wasu ɓarnar da aka yi da hannu ba su kai haka ba. A jihar New Mexico ta Amurka, mai yanayin hamada irin namu, an ga rawar gadar Alamosa Canyon ta sauya da kusan kashi 5 cikin yini guda, gwargwadon gefen da rana ta fi duka.

Ke nan na'ura na iya yin kururuwa babu abin da ya faru, ko ta yi shiru alhali ciwo na cin gada. Na farkon ma yana da haɗari, domin ma'aikacin da aka tayar sau uku a banza ba zai tashi a na huɗu ba.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a auna zafin jikin gadar kanta, ba na iska kawai ba, sama da ƙasa, gabas da yamma, har ta zagaya rani da damina da hunturu aƙalla sau ɗaya. Sai kwamfuta ta koyi halin gadar tana lafiya, ta cire rabon zafi, abin da ya saura shi ne abin tuhuma. Kowace gada da nata halin. Ba a aro shi daga Turai.

A nan ne batun ya shafe mu. Gadar da ta haɗa Yagoua ta Kamaru da Bongor ta Chadi a kan kogin Logone, wadda aka buɗe a 2025, tsawonta mita 620 ne. Kankare da ƙarfe kan miƙe da kusan milimita ɗaya a kowace mita 100 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin Afrilu ana iya samun tazarar digiri 30, wato jimillar miƙewar gada mai wannan tsawo ta kusa santimita 20. Domin haka ake barin giɓi a mahaɗar sassan gada, inda direba ke jin taya ta yi ƙara. Idan yashi da shara suka cika giɓin, gada ta rasa wurin miƙewa, sai ta tunkuɗi abin da ke gabanta. A ganina, yanzu da take sabuwa ne ya dace a rubuta halinta, don wanda zai duba ta bayan shekara 20 ya sami abin kwatantawa.

Kada kuma a manta abin da ya fi kayar da gadoji a yankinmu. Gadar Palar ta Maroua ta faɗi ne a ƙarshen Agustan 2020 bayan mamakon ruwan sama, ta katse hanyar da ke kai kaya Kousseri da Njamena, 'yan tireda da direbobin tirela suka ɗanɗana kuɗarsu. Ruwan da ke zaizaye gindin ginshiƙi da lodin da ya wuce ƙa'ida ba sa buƙatar lissafi mai zurfi kafin a gan su. Suna buƙatar ma'aikacin da zai sauka ƙarƙashin gada bayan kowace damina ya auna zurfin ramin, da ma'aunin nauyi da ba a rufe masa ido, da kasafin gyara da zai fito kafin damina ta gaba.