Kati Mai Ƙyalli Ba Shi Ne Kati Mai Ƙarfi Ba

Wata gardama ta mamaye fadodin samarin Filinge, ta kusan ture ta Real da Barsa: wane kati ne ya fi ƙarfi a eFootball, wane ne tarkace? Kowa da jerinsa a ka. In ka saurara da kyau za ka ji ma'aunin nasu biyu ne kawai: lambar da ke goshin katin, da wuyar samunsa. Wanda ya ciro Epic ya zama sarki, wanda ke buga wasa da katunan kyauta ya zama abin dariya. Ni na ce wannan hukunci na banza ne, kuma masu yin sa talla suke yi wa kamfani ba tare da an biya su ko dala ba.

Mu fara da abin da muka sani tun kafin salula ta zo Kurfai, wato belot. Kati 32 ne, ba wanda ya fi wani wuyar samu. Ɗauki bale: in ba launinsa ne atu ba, maki 2 gare shi, sarki ma ya taka shi. Da an ce launinsa ne atu, ya koma maki 20, ya hau kan kowa. Tara kuwa daga babu take tashi ta zama 14. Bakwai ta atu, wadda ba ta da maki ko ɗaya, tana yanke as mai maki 11 in ba ka da launin da aka jefa. Duk wanda ya taɓa zama kan tabarmar belot ya san ƙarfin kati ba a jikinsa yake ba, yana ga lokacin da aka jefa shi da abin da ke hannunka tare da shi. To me ya sa da an koma kan salula sai hankalin ya gudu?

Wani zai ce belot daban, katin tarawa daban. To mu je inda aka ƙirƙiro abin. Kamfanin Konami na Japan, mai eFootball ɗin nan, shi ne ke buga katunan Yu-Gi-Oh tun 1999. A wasan akwai farin dodon nan Blue-Eyes White Dragon, mai ƙarfin hari 3000, wanda yaran duniya suka yi ta mafarkinsa. Amma kafin ka sauke shi fili sai ka sadaukar da dodanni biyu naka, abokin karawa kuma ya kashe shi da katin tarko guda. Shekaru ya yi yana ado a aljihu. Sai a 2016, bayan an buga wasu katunan da ke tallafa masa, aka ci gasar duniya da shi. A gefe guda ga Pot of Greed, hoton wata koriyar tukunya mai washe haƙora. Ba ta kai hari, ba ta tsare gida. Aikinta ɗaya: ka ɗebi kati biyu, ba ka biya komai ba. Wannan tukunyar ce aka haramta a gasannin Turai da Amurka tun 2005, don duk wanda ya fara samun ta ya wuce gaba. Dodon ba a taɓa jin tsoronsa har a hana shi ba. Ka ga inda ƙarfi yake.

Mafi rauni cikin katunan da ba a samu kuwa, ni a wurina, shi ne mafi tsada. Pikachu Illustrator na wasan Pokémon kyauta ce da aka raba wa waɗanda suka ci gasar zane a Japan wajen 1998, guda 39. A 2021 Ba'amurken nan Logan Paul ya mallaki ɗaya kan dalar Amurka 5,275,000, wajen miliyar 3 na sefa ke nan. Rubutun da ke jikinsa taya murna ne ga mai zane, ba ya yin komai a fagen wasa. Takardar yabo ce cikin gilashi. Bakwai ta atu ta fi shi amfani, don ita ko ba komai tana cin hannu.

Ban ce duk kati mai wuyar samu fanko ba ne. Black Lotus na wasan Magic, wanda ya fito a 1993, ga wuya ga ƙarfi, har aka hana shi a yawancin gasanni. Amma ku lura: an hana shi ne saboda abin da yake yi, kyauta ake jefa shi ya ba ka ƙarfin sauke babban kati tun zagayen farko. Da an buga shi miliyan goma, ƙarfin nan ba zai ragu ba. Wuyar samu shawara ce ta mai injin bugawa. A salula ma abin ya fi muni, ko takarda babu. Wani ma'aikaci ne a ofis ya rubuta cewa kaza zai fito sau ɗaya cikin masu yawa, kai kuma ka zuba kuɗi kana jan akwatin da ba ka san abin da zai faɗo ba. Cinikin biri a sama ke nan. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Su da suke da albashi sun ga haɗari, mu da ke haɗa ɗari-ɗari mu sayi forfe muna kiran abin gwaninta.

Mu ƴan Kurfai bai kamata a yi muna wannan wayon ba. Tukunus na nan kusa da mu, inda aka daɗe ana kiwo da zaɓen shanun Azawak. Ba tsawon ƙaho ake aunawa can ba, nono ake aunawa, da yadda saniya ke jure rani. Dattijon da ya je kasuwar dabbobi ta Filinge baki yake buɗe wa bijimi ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Jikansa kuma ya ga hoto yana walƙiya ya ce shi ke nan, an gama magana.

In da gaske ana son hukunci, ga tambayoyin da za a yi wa kowane kati. Me ya ci kafin ya shigo hannunka, kuma da kuɗin nan ko lokacin nan me za ka iya ginawa? Ya dace da tsarin da kake bugawa, ko ka tura ɗan wasan tsakiya gefe don kawai a ga sunansa? Yana aiki a kan rezon da muke da shi? Gwanin yanka da ke buƙatar yatsa ya taɓa a daidai ƙiftawar ido ba shi da amfani in hoto na tsayawa yana tafiya. A irin wannan hali mai tsaron baya da ya iya tsayuwa a gurbinsa ya fi shi sau goma. Sannan bayan wata shida yana nan da ƙarfinsa, ko an fito da sabon bugu na ɗan wasan nan dai da ya shafe shi? Katin da ya faɗi waɗannan tambayoyi shi ne mai rauni, ko da wuta yake fitarwa.

Wanda ke tara kati don yana son ɗan wasan, ba ni da rigima da shi. Sha'awa ce, kowa da tasa. Rigimata da wanda ya mai da sa'ar jan akwati ta zama ilimi, yana raina ƙaninsa da bai da kuɗin saye, har yaron ya fara taɓa kuɗin fotokopi da na karin kumallo don kada a yi masa dariya. Wannan ba wasa ba ne kuma.

Ga ƙalubale ga kowace fada, daga Filinge har Bonkuku: ku shirya gasa guda da katunan kyauta zalla, ba Epic, ba saye. Mai jerin nan da ya fi kowa baki ya zauna ya riƙe salula kamar kowa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.