Baƙin Mako Biyu a Gidajen Marayu

Kowace shekara, idan makarantu suka yi babban hutu a Amurka da Ingila da Ostareliya, sai samari da 'yammata na majami'u su tara kuɗi, su hau jirgin sama ƙungiya ƙungiya, su nufi Uganda ko Kenya ko Haiti ko Kambodiya. Abin da ke kai su shi ne aikin sa-kai a gidajen marayu na mishan. Su kan yi mako ɗaya ko biyu, su shafe bango da fenti, su koya wa yara waƙa da ƙirga, su ɗauke su a kafaɗa a yi hoto, sa'an nan su koma gida da hawaye, su ba da labari a majami'a. Ba mu zargin zuciyarsu. Yawancinsu tausayi ne ya fito da su, da neman lada bisa ga addininsu. Amma yau shekaru ke nan ana gardama a kan wannan al'ada, har a cikin majami'un kansu. Mu kuwa mutanen Zazzau muna da ta cewa, domin mun san sha'anin mishan da yara tun ba a haifi kakannin waɗannan baƙi ba.

A 1900 ne Likita Mila, watau Walter Miller na mishan ta C.M.S., ya isa Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Aliyu ya sallame su ba su kwana biyun kirki ba. Suka komo ƙasar Zazzau suka zauna a Girku. A 1905 Mila ya shigo cikin birni, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya tara yara a gidansa. Zaman bai yi daɗi ba kullum. Iyayenmu sun ji tsoron a raba 'ya'yansu da addininsu, kuma ba tsoron banza ba ne, gama wasu daga cikin yaran sun bi addinin mai gidansu. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin namu.

To, ko mutum ya so Mila ko ya ƙi shi, akwai abu guda da ba a musu. Mutumin nan bai zo yawon buɗe ido ba. Sai da ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa tukuna, ya ƙware har ya zama jigon fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, ya tsufa a ƙasar nan, a nan kuma ya mutu a 1952. Yaron da ya shiga hannunsa ya san fuskar da zai gani gobe da jibi da baɗi. Daga wannan shuka aka sami Likita R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Makarantar Wusasa kuma ita ta yaye Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon. Ba aikin mako biyu ba ne ya fitar da waɗannan.

Akwai wani misali da ya fi kusa da maganarmu. Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar nan suka hana cinikin bayi, sai suka tarar da yara a hannunsu waɗanda aka ƙwato daga fatake, ba wanda ya san garinsu balle danginsu. Gwamna Lugga ya buɗe musu gida a Zungeru. A 1909 aka miƙa su ga mishan ta S.U.M. a Rumaisha, bakin kogin Binuwai. Waɗannan su ne marayu na ainihi. Da cinikin bayi ya mutu, yaran suka girma, sababbi suka daina zuwa, sai aka rufe gidan a 1925. Watau bukata ce ta buɗe shi, ƙarewar bukata kuma ta rufe shi.

Gidajen da baƙin yau ke ziyarta ba haka su ke ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2020 ya nuna yara wajen miliyan 5 da dubu 400 ke zaune a irin waɗannan gidaje a duniya, kuma ƙungiyoyin kula da yara sun daɗe suna cewa kamar 8 cikin 10 suna da uwa ko uba a raye. Ashe ba mutuwa ce ta kai su ba, talauci ne. A Kambodiya, tsakanin 2005 da 2010, gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 bisa 100, a daidai lokacin da baƙi masu yawon duniya suka yi ta kwarara cikin ƙasar. Ruwa ba ya tsami banza. Baƙo ya kan biya kuɗin masauki, ya bar sadaka, ya koma ya tara wata ya aiko. Mai gidan marayu ya gane gado wofi ba ya jawo ko anini. Sai ya aika ƙauye a ce wa matalauciya ta kawo ɗanta, za a ba shi abinci da karatu kyauta. Wace uwa ce za ta ƙi? A takarda kuwa sai a rubuta maraya. Kuɗin da aka kashe a jirgin baƙo ɗaya, da an ba uwar, da ya riƙe yaron a makaranta shekaru yana kwana a ɗakinsu.

Wani lokaci abin ya kan wuce haka. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Haiti a watan Janairu na 2010, an kama Amurkawa 10 'yan majami'ar Baptis, yawancinsu daga Jihar Idaho, suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba takarda. Suka ce ceton marayu suka zo yi. Da aka bincika sai aka tarar yawancin yaran da iyayensu, su ne ma suka miƙa su, don an yi musu alkawarin makaranta.

Amma ɓarnar da ta fi damunmu, mu da aikinmu ya ke kula da makarantu, ita ce wadda ba ta zuwa gaban alƙali. Baƙin nan su kan yi murna idan suka shiga gida yara suka sheƙo suka rungume su, alhali ba su taɓa ganinsu ba. Su kan ce, dubi yadda su ke ƙaunarmu. Duk malamin da ya riƙe aji ɗaya ya san ɗan da ya tashi a hannun uwa ya kan yi ƙiwuya, ya ɓuya bayan zanenta in ya ga baƙo. Ƙiwuya alamar lafiya ce, domin yaro ya san nasa. Wanda ke faɗa wa jikin kowa, shi ne wanda ba shi da kowa. A Rumaniya, daga shekarar 2000, masana sun bi yara 136 na gidajen marayun Bukares, aka ba da rabinsu riƙo a gidajen mutane. Waɗanda aka ba riƙo, musamman tun ba su kai shekara biyu ba, sun fi sauran kaifin hankali da iya shaƙuwa da mai renonsu. To, ina ga yaron da kowane wata sabuwar fuska za ta rungume shi, ta ce tana sonsa, ran Asabar ta hau mota? Baƙo raɓa ne, ba a kuwa shuka a dogara ga raɓa.

Hukumomi sun fara farkawa. A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta lasafta tara yara a gidan marayu don neman kuɗi cikin nau'o'in bauta ta zamani. A watan Disamba na 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su fifita riƙon yara a cikin iyali, ya kuma ambaci aikin sa-kai a gidajen marayu cikin abubuwan da ke iya jawo fataucin yara. Majami'u da dama sun juya kuɗinsu zuwa taimakon iyaye da horad da ma'aikatan ƙasa, ko da ya ke har yanzu jiragen ba su daina tashi ba.

Kada mai karatu ya ce wannan maganar Nasara ce, ba ruwanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da azumi da Salla mu ma mu kan ga manya sun tafi gidan marayu da buhunan shinkafa, an jera yara a rana ana ɗaukar hoto, ba wanda ya tambayi sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ga kuma almajirai ƙanana da mu ke tsallakewa a Ƙofar Doka da Tudun Wada, da iyayensu a raye. Alhali muna da abin da masanan can suka sha wahala kafin su gano, watau riƙo. In uba ya mutu, baffa ya ɗauka, ko kawu, ko gwaggo. Addinin Musulunci kuma ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya, ya hana a canja masa sunan ubansa ko a ci dukiyarsa. Ba mu ce riƙo ba shi da aibi ba. Mun sha ganin 'yar riƙo da tallan goro a ka, 'ya'yan gida suna aji. Akwai kuma jariran da a ke tsinta a yashe, waɗanda dole a sami inda za a ajiye su kafin a samo mai riƙo. Maganin wannan shi ne sa ido a kan mai riƙo da taimaka masa, ba tara yaran unguwa a gida guda ba.

A nan ne hannun malami da na akawu ke shiga. Takardar da ta mai da yaro maraya, wani ne ya cika ta, wani ya buga mata hatimi. Wata rana muna duba wata makaranta muka ga sunayen yara bakwai a rajista, an rubuta musu adireshi ɗaya, gidan marayu, wurin sunan uba kuma an ja layi. Muka sa hedimasta ya kira su ɗaya ɗaya. Biyar daga cikinsu suka faɗi sunan ubansu da na ƙauyensu ba gargada, wata yarinya har ta ce uwarta na zuwa ganinta ran kasuwa. Hedimastan ya shekara uku da su, bai taɓa tambaya ba. Muka ce ya ɗauko biro ya cike layukan nan biyar, ya rubuta wa ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, mu kuma muka sa hannu a ƙasa.