Wane Asusu Aka Zuba Kuɗin Fanshonki?

Yau zancenmu na tanadin tsufa ne.

A da, mace a ƙasar Gobir in ta kwashi adashi sai ta sayi jar akuya ko tunkiya, ranar buƙata ta kai kasuwa. To, duk wanda ya san Sabon Birni da Isa a 'yan shekarun nan ya san yadda ɓarayin daji suka kore dabbobi, har wasu iyalai suka tsallaka Maraɗi hannu rabbana. Ga mai aikin albashi, ko matar mai albashi, abin da ya rage shi ne kuɗin fansho. Shi ɓarawo ba ya kora shi daji, amma tsadar kaya tana cinsa a zaune. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari.

Ba dukan jihohi suka shiga wannan tsari ba, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya da na kamfanoni suna ciki tun dokar 2004. Bisa gyaran 2014, ana yanke wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari kowane wata, wurin aiki ya ƙara 10, kamfanin fansho ya riƙa juya kuɗin.

Kwanan baya na tambayi wata ƙawata wane asusu take ciki. Ta ce, "Ni dai saƙo nake gani a waya." Ba ta san cewa tun 2018 hukumar PenCom ta raba kuɗin gida-gida ba.

Asusu na 1 ya fi zuba kuɗi a hannun jarin kamfanoni. Ribarsa kan yi yawa, faɗuwarsa ma haka, kuma sai wadda ba ta kai shekara 50 ba, ta nema da kanta. Na 2 tsaka-tsaki ne, nan ake sa duk 'yar ƙasa da 50 da ta yi shiru. Na 3 na masu 50 zuwa sama ne, yana taka-tsantsan. Na 4 na waɗanda suka yi ritaya ne.

Watau shirunki ma zaɓi ne, sai dai wani ya yi miki. Irinmu da ba mu kai talatin ba, in kasuwa ta faɗi bana muna da shekaru da yawa da za ta tashi. Amma Yaya da saura mata shekara biyar ba ta da wannan sarari.

Masu gudun riba kuwa, a 2021 an fito da Asusu na 6, wanda ake juya shi ta hanyoyin da babu kuɗin ruwa, kamar sukuk. Shi ma ba a sa mutum sai ya nema.

Don haka 'yar'uwa, ki nemi takardar bayanin asusunki, ki duba lambar. In na maigida ne, ki tambaye shi cikin ladabi, domin abincin 'ya'yanki ne gobe. Ana iya sauya asusu, kuma tun 2020 ana iya sauya kamfanin kansa sau ɗaya a shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu gama aiki lafiya, amin.